Irin da Muka Sha a Sakkwato

Jiya na shiga kasuwar Zuru na sayo irin dawa. A leda yake zuwa yanzu, an shafe shi da wani jan magani kamar an yi masa lalle. Mai shagon yana miƙo mini yana cewa, "Madam, a ɓoye wa yara, ko kaza ce ta ci ba za ta kwana ba." Na ce to. Na rungume ledar a kan babur har gida, hadari yana haɗuwa ta gabas, iska tana kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Da na iso sai na rasa inda zan ajiye ta. Na sa a ƙarƙashin gado, na tuna ƙaramin ɗana yana rarrafe, na ɗauko. Na sa a bayan tukwane, na sake ɗaukowa. A ƙarshe na rataye ta a ƙusa, na zauna ina kallo. Irin da ba a iya ci. Sai shekarar da maigidana ya gama jami'a ta dawo mini gaba ɗaya.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, a firamare na tsaya, ɗan abin da na ƙara a ajin mata na coci na koya. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

A lokacin muna ƙauye, kusa da Manga. Mu uku ne a gidan: ni, da Baba mahaifin maigidana, tsohon soja, da Rahila da ke bayana ba a yaye ta ba. Ishaya, maigidan nawa, yana Sakkwato. Ya gama jarrabawa amma bai dawo ba, ya tsaya yana koya wa 'ya'yan mutane karatu a gidajensu don ya samu na abinci, yana jiran ranar da za a yaye su.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai. Muka girbe zangarniya ƙanana, rabi ƙaiƙayi. Da Kirsimeti in na shiga rumbu hatsi yana kai mini gwiwa. Kafin Ista ina jin daɓen rumbun a tafin ƙafata. Muka koma tuwo sau ɗaya, da yamma. Da safe ɗumame, daga baya ɗumamen ma ya zama kunu mai ruwa-ruwa wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana sai garin ɗorawa, bakin kowa ya yi rawaya, ko ɗanyen mangwaro da gishiri. Rijiyar unguwa ta koma taɓo. Mukan tafi rafi mu tona yashi, mu zauna muna jira ruwa ya tsattsafo, ludayi ludayi. Zafin bazarar nan kuwa, tun hantsi duwatsun bayan gari suke huci, ƙadangare ma ba ya hawa kansu.

Nonona ya ragu. Rahila takan ja, ta ja, ta cije ni, ta saki ta yi kuka marar ƙarfi. In ta yi barci da rana nakan ajiye aiki in je in kai yatsa kusa da hancinta. In dawo, in ɗauki taɓarya, in sake komawa.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa a gidan: dami biyu na iri da ke rataye a madafa, saman murhu, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin don kada ƙwari su shiga. Jar dawa ce mai dogon kara, kanta a sunkuye. Baba ya ce mahaifinsa ne ya sauko da ita daga kan dutse lokacin da mutanenmu suka dawo zama a fili. A garin ana ce mata ta gidan Soja, don babu mai ita sai mu. Baba bai taɓa ba kowa ko tafi ɗaya ba. Kullum ina tuƙa tuwo a ƙarƙashinta, in ɗaga kai in gan ta. Ita ce abin da za mu shuka in ruwa ya sauka, ita ce abin da Rahila za ta ci baɗi. Bayanta babu wani.

Saƙon ya zo ta bakin wani direba. Ya ce Ishaya ya ce Asabar ta sama za a yi bikin yaye su, Baba ya zo, ni ma in zo.

Baba ya sa aka kira masa Dogo.

A wurinmu saurayi ba ya samun mata da baki. Shi da abokansa za su yi ta nome gonar uban yarinya damina bayan damina, shi ne golmo. Ranar da ya gama ake ba shi matarsa, gidan saurayin kuma su ciyar da duk wanda ya sunkuya tare da shi. Dogo shi ne babban abokin golmon Ishaya, da shi aka nome gonar mahaifina saboda ni. Da Ishaya ya tafi karatu kuma, Dogo da sauran ba su bar gonar Baba ta kwana da ciyawa ba.

Baba ya ce, "Ka gaya wa 'yan'uwanka su shirya. Duk wanda ya riƙe fartanya a gonar nan, da shi za a je."

Dogo ya ce, "Baba, Sakkwato fa aka ce, ba Danko ba."

"Na san Sakkwato tun ba a haifi ubanka ba."

"To me za mu ci a can? Ko gwamnati ce za ta dafa?"

Baba ya tashi ya shiga madafa, inda ba ya shiga. Na bi shi. Ya tsaya yana kallon sama.

Na ce, "Baba, ruwa ya kusa fa."

Ya ce, "Maman Rahila, saurara. Ranar da na gama golmo aka ba ni uwar mijinki. Ranar da na gama horon soja a difo aka ba ni lamba da kaki, wata bai ƙare ba na karɓi albashi. Shi da ya yi karatun da ya fi su duka tsawo, hannu sake za a sallame shi? Ranar Asabar za a faɗa masa wurin aikinsa. Da ma'aikaci za mu dawo. Buhu zai sauke miki a ƙofar nan. Amma mutanen da suka yi masa noma su tsaya a gaban baƙi ba ko kunu, wannan ban iya ba."

Da wuƙarsa ya yanke igiyar. Baƙin hayaƙi ya zubo mini a ido.

An sha tambayata me ya sa ban ɗebi ko kaɗan na ƙulle a bakin zane ba. Gaskiya na yarda da maganarsa. Mutum ne da ya zaga duniya, ni ko Koko ban taɓa wucewa ba. Kuma akwai wani shiru da yunwa take sa wa kai, ka ga abu yana faruwa kamar a gidan wasu.

Asabe matar Dogo ta zo muka sussuka, muka sheƙe, muka wanke har ruwa ya daina fitowa baƙi. Rabi muka jiƙa na kunun zaƙi, da citta da kanumfari da busasshen dankali. Rabi muka kai inji na tuwo. Dogo ya leƙo yana dariya.

"Shekara nawa ina roƙon Baba irin nan in shuka, ya hana. Ashe rabona a ciki zan ɗauka."

Asabe ta ce, "Cikin naka ai gona ne, ba a dai taɓa girbe komai ba."

Na ji ana dariya, har da muryata.

Da asuba muka hau a-kori-kura ta wani ɗan'uwan Dogo. Baba a gaba da jar hularsa ta soja da lambobinsa a ƙirji, mu a baya da jarkoki da kwandon tuwo a naɗe a ganye. Ina kallon duwatsunmu suna komawa baya. Bayan Koko itatuwa suka fara gajarta, bayan Jega ƙasa ta yi fari fat. Rana ta fito ta zauna mana a ka. Ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Na lulluɓe Rahila da ɗankwalina, wuyanta duk ƙurajen zafi. Mazan sun fara da waƙoƙin noma, kafin mu kai Tambuwal kowa ya yi shiru yana lasar leɓe.

Ban taɓa ganin mutane irin na ranar ba. Motoci, masu hoto, masu ruwan leda, mata da leshi da gwal. Ga su nan ko'ina, samari da 'yan mata cikin manyan riguna masu duhu a wannan zafi, da wata hula mai faɗi kamar faifai mai kusurwa, tuntu yana lilo a gefe. Duk kamarsu ɗaya. Ishaya ne ya gane mu, ba mu ba. Jar hular Baba ya hango.

Ya rame. Wuyansa yana yawo a cikin rigar. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗago, sai ya ga motar a cike.

"Baba, duk waɗannan fa?"

"Mutanenka ne. Ko ka manta su?"

Dogo ya diro ya rungume shi, ya ja da baya yana duba shi sama da ƙasa. "Kai, Ishaya! Shekarun nan duka ashe limancin coci ka karanta? Ina kwalar?"

Ishaya ya yi dariya, ya karɓi Rahila. Ta kalli hular ta ƙwala ihu. Ya mayar mini da ita, ya ce a hankali, "Maman Rahila, kin rame." Na ce, "Kai ma." Iyakar hirarmu ke nan.

Katin shiga na mutum biyu ne. Ni da Baba muka shiga, sauran suka zauna gindin wani dogon yaro da kayan abinci. Muka samu kujera can baya. Daga inda nake ba na ganin komai sai huluna, jere bayan jere, kamar gonar da aka yi wa kunya. Na yi ta neman ta Ishaya har idona ya gaji. Aka yi kiɗan badujala, wasu dattawa masu jajayen riguna suka shigo a layi. Aka yi ta magana da Turanci a lasifika, wannan ya sauka wancan ya hau. Gumi yana bi mini ta baya inda Rahila take manne. Na ba ta nono, ta ja, ta saki. Ina tunanin jarkokin da ke waje cikin rana.

Can sai wani ɓangare na masu hula suka miƙe tsaye. Wani ya faɗi wata magana. Suka kama tuntun suka mayar da shi ɗaya gefen, suka zauna. Wani ɓangaren ya miƙe, haka. Ban san a wanne Ishaya ya tashi ba. Har yau ban sani ba.

Baba yana zaune ƙyam, hannuwa a kan gwiwa. Da ya ga mutane sun fara tattara jakunkuna sai ya taɓa wani mutum mai farar riga da ke gefensa.

"Malam, yaushe za a fara kiran suna a ba su wurin aiki?"

Mutumin ya juyo. "Aikin mi, Baba?"

"Aikin da suka yi wa karatu."

"Ai wanga shi ne duka, an ƙare. Yanzu sai su jira a tura su bautar ƙasa, shekara guda. In sun dawo kowa ya nema. Nawa ɗan wancan karon aka yaye shi, yana nan gida muna ta addu'a." Ya dubi lambobin Baba ya ƙara da cewa, "Allah dai ya sa albarka."

Baba ya ce amin. Bai motsa ba sai da layinmu ya watse.

Na ji maganar sarai. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, tsoro ko kuka, ban ji ba. Na lura dai takalmin mutumin sabo ne, bai ma cire takardar da ke manne a dunduniya ba.

A gindin dogon yaro jarkokin sun kumbura kamar cikin akuya. Da Dogo ya murɗa murfin ɗaya sai ta yi tsaki, kumfa ya yi tsalle ya wanke masa riga.

"Baba, kunun ma ya ƙara ilimi, ya zama burkutu! Kada dai fasto ya ji."

Ya yi tsami, tuwon ma ya fara yauƙi a gefe. Amma mutane tun asuba ba su ci ba, suka ci, suka sha. Jarka ɗaya ta wuce sha, Asabe ta tuntsurar da ita a gindin itacen. Na tsaya ina kallon yashi yana shanye jan ruwan, kafin a jima wurin ya bushe, ƙudaje suka taru.

Na zuba wa Ishaya a kofi. Ya kai baki sai ya tsaya. Duk wankin da muka yi, ƙaurin hayaƙin madafa bai fita ba. Ya kalli launin kunun, ya kalle ni.

"Wace dawa ce wannan?"

Baba ya ce, "Sha."

Ya daɗe riƙe da kofin. Sannan ya shanye duka, har gindi, ya goge baki da hannun babbar rigar.

Abokansa suka ɗaga shi sama suna waƙar da ake yi wa wanda ya gama golmo, mutanen birni suna tsayawa kallo. Mai hoto ya jera mu ya ɗauka. Kafin la'asar Ishaya ya ce bari ya je ya mayar da rigar, ashe haya ce. Ya dawo cikin tsohuwar shat ɗinsa wadda ni na ɗinke mata wuya, da jakarsa a kafaɗa. Ya ce tare za mu koma gida.

Muka kwana a harabar wani coci, da safe muka kamo hanya. Bayan Koko sai na ga kwalta ta yi duhu. Ruwa kwance a ramuka, iska mai sanyi, ƙanshin ƙasa. An yi ruwan shuka muna can. Duk gonar da muka wuce mutane ne a ciki, namiji a gaba da sungumi yana sara, mace a baya tana jefawa tana rufewa da ƙafa. Dogo ya fara dukan rufin mota yana cewa direba ya taka, tasa gonar tana jira.

Washegari Baba bai fito daga ɗaki ba. Na kai masa ruwan zafi, ya ce in ajiye. Na shiga madafa, guntun igiya yana lilo a sama. Ina nan tsaye Ishaya ya shigo ya ɗauki ƙwarya.

Na ce, "Ina za ka?"

"Gida gida."

Na goya Rahila na bi shi.

Asabe ta zuba mana irin dawarta, farfara. Wani gidan suka ce sun riga sun shuke duka, muka ga ƙwaryarsu a kife, muka yi godiya. Wani dattijo ya ce, "A'a, mai digiri! Ba a haɗa muku da iri ba a can?" Ishaya ya ce, "Sun ce in zo wurinka, Kawu, kai ne babban malami." Dattijon ya yi dariya ya ɗebo mana kaura. Wata tsohuwa a ƙarshen gari ta sa muka daɗe a durƙushe.

"Soja ne ya aiko ku? Shi da na roƙa har sau nawa ya ce tasa ba ta fita gida?"

Ishaya ya ce, "Kaka, ni na zo da ƙafata."

"Ina tasa ɗin take?"

"Mun sha."

Ta kalle shi, ta kalle ni, ta kalli ƙafafun Rahila da ke lilo. Ta shiga ta fito da wata dawa mai ƙananan ƙwaya a gwangwani, rabi ƙwari sun huda.

Duk a ƙwarya ɗaya muka zuba, fari da rawaya da ja-ja, manya da ƙanana. Ishaya ya sara, ni na jefa. Tafin hannunsa ya yi laushi a makaranta, ya fashe tun kafin rana ta take, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. An yi noman firi da shi. Kafin maimai aka tura shi bautar ƙasa can kudu, inda ya ce ruwa ba ya ɗaukewa. Dogo da mutanensa suka dawo gonar kamar da. Yanzu Ishaya yana koyarwa a Ribah, yana zuwa mana ƙarshen mako a kan babur, amma kafin a kai nan Rahila har ta shiga makaranta.

Gonar shekarar ba ta yi kama da gonar kowa ba. Wata dawar ta wuce kaina, wata iyakar ƙuguna. Wata ta fitar da kai tun ana tsakiyar ruwa, ita kaɗai a duk yankin, tsuntsayen duniya suka sauka a kanta. Nakan tsaya da gwangwani da tsakuwa ina kaɗawa har hannuna ya mutu. Abin da suka bari nakan yanko, in shanya a kan murhu, in daka wa Rahila kunu. Da shi ta kai kaka. Wata kuma har sauran sun bushe tana nan kore shar. Ba mu mutu ba. Rumbu dai bai ji nauyi ba.

Ana gobe girbi Baba ya ce in raka shi gona. A al'ada maigida ne yake fara shiga shi kaɗai, ya zaɓi kawunan da za a ajiye na iri, kafin kowa ya sa wuƙa. Na zauna a bakin gona da Rahila a cinya, ya shiga. Ina jin ƙarar busasshen ganye yana tafiya. Ya kamo wannan kan, ya juya shi, ya saki. Ya ɓalli ƙwaya a wancan, ya cije, ya tofar. Ya je har ƙarshen gona, ya biyo ta wata kunyar, ya sake komawa. Inuwa ta bar inda nake zaune, na matsa.

Da ya fito babu komai a hannunsa sai wuƙar.

"Maman Rahila."

"Na'am, Baba."

Ya juya wuƙar ya miƙo mini ta wajen ƙota.

"Shiga ki zaɓa. Ni ban san kowa ba a cikin nan."

Na ajiye masa Rahila, na shiga. Na yanki waɗanda hannuna ya kai.